Zan iya rubuta labari a kan Bani Isra'ila, in kuma duba Baibul don bincike?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni marubuciya ce, na saba rubuta labaran soyayya da na zaman aure, yanzu kuma ina so in rubuta na tarihi, a kan wata yarinya 'yar Bani Isra'ila da aka kama aka tafi da ita Babila lokacin da Bukhtanassar sarkin Babila ya ci Baitul Maƙdis. Matsalar ita ce yawancin bayanin zamanin a Baibul yake da littattafan masu tonon ƙasa, kuma akwai inda Annabawa za su shigo labarin. Yayana ya ce ko taɓa littafin ma haramun ne. Malam in ci gaba ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa ki ci gaba, amma akwai waje ɗaya da zan ja miki birki sosai, shi ne Annabawa.

Yayanki ba daga sama ya ɗauko maganarsa ba, akwai ruwayar Imamu Ahmad cewa Annabi (SAW) ya ga Sayyidina Umar da takarda daga ahlul kitabi ransa ya ɓaci, har ya ce da Musa yana raye ba abin da zai ishe shi sai bin sa. Toh amma wannan neman shiriya ne a wajensu, shi aka hana. A Bukhari kuma daga Abdullahi bin Amr Annabi (SAW) ya ce ku ba da labari daga Bani Isra'ila babu laifi, sannan daga Abu Huraira ya ce kada ku gaskata ahlul kitabi kuma kada ku ƙaryata su. Daga nan Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibn Kasir suka kasa Isra'iliyyat, wato labaran da aka ɗauko daga ahlul kitabi, kashi uku, wanda Alƙur'ani ya gaskata mu karɓa, wanda ya ƙaryata mu watsar, wanda ya yi shiru a kai a ba da labarinsa ba tare da an mayar da shi addini ba. Kinga yawancin abin da marubuci yake nema, sunan gari da na sarki, me suke ci, ya suke noma, ya akai gari ya faɗi, duk a kashi na ukun nan yake. Sharaɗin kawai ki san aƙidarki tukun, ki fara karanta ƙissoshin a tafsiri kafin ki buɗe wancan, in kuma kin ji shubuha tana kama ki to ki rufe ki tambaya.

Shi kansa ƙagaggen labari ba ƙarya ba ce matuƙar mai karatu ya san ƙagagge ne, Maƙamatul Hariri ai ƙirƙirarrun labarai ne kuma malamanmu na zaure sun karantar da shi tun kaka da kakanni. Ki rubuta ƙarara a shafin farko cewa yarinyar da danginta ke kika ƙirƙire su.

Yanzu ga inda nake so ki natsu. Ba ya halatta ki sa wa Annabi magana a baki wadda bai faɗa ba, ko ki ce ya yi tunani kaza a zuciyarsa, ko ki siffanta fuskarsa da tafiyarsa daga kanki, don wannan ya fita daga ƙirƙira ya zama jingina wa manzon Allah abin da babu hujja, kuma wallahi na san masu karatunmu, gobe za ki ji wata tana faɗa a islamiyya cewa Annabi wane ya ce kaza, alhali daga labarinki ta ɗauko. Har irin su Irmiya da Daniyal da za ki ci karo da su a wannan zamanin, duk da Alƙur'ani bai ambaci sunansu ba malaman tarihi irin Ibn Kasir sun kawo su cikin Annabawan Bani Isra'ila, don haka ki ba su wannan alfarmar. Dabarar mai sauƙi ce, Annabi kar ya hau dandali, yarinyarki ta ji labarinsa a bakin kakarta ko a bakin rijiya, a taƙaice, da girmamawa. Sannan akwai abubuwan da za ki gani a Baibul da mu ba mu yarda da su ba sam, kamar a Littafin Fitowa sura 32 an ce Annabi Haruna ne ya ƙera ɗan maraƙi, Suratu Ɗaha ta ce Samiri ne, a Sarakuna na ɗaya sura 11 an ce Annabi Sulaiman ya karkata ga gumaka, Allah ya ce "wa ma kafara Sulaimanu", wato Sulaiman bai kafirta ba, a Baƙara aya 102, haka abin da aka jingina wa Annabi Dauda da matar Uriya da kuma Annabi Luɗu. Waɗannan kar su shiga rubutunki ko da a bakin mugu ne.

Zamanin da kika zaɓa kuwa ya yi min daɗi, don farkon Suratul Isra'i ya yi maganar ɓarna biyu da Bani Isra'ila za su yi da bayin da za a turo musu, kuma da yawan masu tafsiri sun ambaci Bukhtanassar a nan, sai dai kar ki yanke cewa lallai shi ayar take nufi tunda akwai saɓani. Masana tarihi suna sa faɗuwar Baitul Maƙdis wajen shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a 539 sannan aka bar Bani Isra'ila su koma, kinga kusan shekara 50 kenan, yarinyarki za ta iya tafiya tana budurwa ta dawo da jikoki. Ki nemi bayanin wasiƙun Lakish, wani gari na Bani Isra'ila a wancan zamanin, da aka tono a 1935, rubutu ne a kan fasassun tukwane daga kwanakin ƙarshe kafin garin ya faɗi, za su ba ki yanayin tsoron da mutane suke ciki. Amfani da irin wannan binciken babu komai a kai, Allah da kansa ya ce ku yi tafiya a ban ƙasa ku duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance.

In kin gama kar ki saki sai wani malami da ya san tafsiri ya karanta miki shi daga farko har ƙarshe. Wallahu a'alam.