Yarona Ya Rame Tun Da Ya Tafi Birni Koyon Walda

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 17, wata huɗu ke nan da muka kai shi birni wurin abokin babansa yana koyon walda. A shagon yake kwana tare da wasu yara uku. Kwanan nan ya turo hoto, na ga ya rame. Ya ce yana tashi da ciwon kai da safe, barci ba ya ɗaukarsa, wani lokaci cikin dare idonsa ya yi ja yana ta hawaye, ga kuma tari. Duk wayar da muka yi sai ya ce in zo in ɗauke shi. Babansa ya ce kewar gida ce kawai, zai saba, kada in sangarta shi. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. In dawo da shi ne, ko in bar shi ya daure?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ya kwantar miki da hankali.

Maigidanki bai yi kuskure ba da ya ce kewa na iya yin haka. Tun 1688 wani ɗalibin likitanci a Basel ta ƙasar Suwizalan, Johannes Hofer, ya rubuta yadda matasan da suka bar garinsu ke daina cin abinci, barci ya ƙaurace musu, har su kwanta ciwo. Kewa ba ragwanci ba ce. Sai dai ni ba na yarda in ce wa yaro "kewa ce kawai" kafin a duba jikinsa, kuma a wasiƙarki akwai abubuwan da ba zan ɗora wa kewa ba.

Idon nan da ke ja cikin dare aikin hasken walda ne. Yana ƙona saman ido, amma zafin ba ya tashi sai bayan awa 6 zuwa 12, mutum ya ji kamar an zuba masa yashi. Yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu. In yana maimaituwa, to yaron na aiki ko kallon aiki ba tare da gilashin walda ba, kuma baƙin tabarau na kwalliya ba ya tare wannan hasken. Kada ya ɗiga komai a idon sai abin da likita ya rubuta. In zafin ya wuce kwana biyu, a duba ko ɓarɓashin ƙarfe ne ya shiga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ciwon kan safe. Ki tambaye shi yau: ana barin janareta a kunne a cikin shagon ko a bakin ƙofa da dare? Suna rufe ƙofa da garwashi a ciki? Hayaƙin waɗannan na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Kaɗan daga cikinta na sa ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai yawa kuwa na kashe mutum yana barci. Warin fenti da fetur a ɗaki rufe ma na sa ciwon kai. Tambaya ɗaya za ta haska miki hanya: sauran yaran uku ma suna tashi da ciwon kan, ya kuma sake su in sun fita iska? In haka ne, kada ya ƙara kwana ko ɗaya a wurin.

Tari kuma, hayaƙin walda kansa na sa shi. Amma tarin da ya kai mako biyu, ga rama, balle in da zazzaɓin yamma ko zufar dare, dole a gwada kakinsa saboda tarin fuka, wanda ke saurin yaɗuwa inda ake kwana a cunkushe. Yana warkewa da maganin wata 6. A haɗa da gwajin jini.

Ki kuma tambaye shi sau nawa yake ci a rana. Yaron shago da yawa zai wuni da yunwa saboda jin nauyin ubangidansa. Mai shekarunsa na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Sannan cikin lallashi, ba da tuhuma ba, ki ji ko akwai mai ba shi ƙwaya irin su taramol wai don gajiya.

Yanzu ga zuciyarsa. Kewa takan zo ta tafi. Ta fi tsanani da yamma in aiki ya lafa, amma za ki samu yaron na dariya da abokai, yana kuma jin daɗi in ya iya wani sabon abu. Ciwon damuwa daban ne: baƙin ciki kusan duk wuni har mako biyu ko fiye, babu abin da ke burge shi, yana ganin kansa ba shi da amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. In ya taɓa cewa gara ya mutu, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta cusa wa yaro tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Akwai tambayar da iyaye ke jin nauyin yi, ina roƙonki ki yi ta lokacin da ba kowa kusa da shi: akwai mai dukanka, ko mai taɓa ka ta yadda ba ka so? Yaro kan ce "ina kewar gida" alhali wani abu yake gudu wanda bakinsa ya kasa faɗa. In akwai, ki ɗauke shi, babu wata shawara.

Don haka kada ki yanke hukunci ta waya. Ki je da kanki, in da hali tare da babansa, ku ga makwancinsa da idonku, ku kai shi asibiti, ku zauna da ubangidan cikin mutunci kan gilashi da abinci da wurin kwana. Wanda bai kai 18 ba, yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 182 ta 1999 ta hana sa shi aikin da zai cutar da lafiyarsa, saboda haka ba alfarma kuke nema ba.

In gwaji ya fito lafiya, an kuma gyara waɗannan, ra'ayina kada ki dawo da shi nan take. Ku tsayar da ranakun waya, ku sa ranar da zai zo hutu yadda zai riƙa ƙirgawa, a samo masa babba ɗaya a birnin da zai riƙa zuwa wurinsa. In kuna waya ki daure kada ki yi kuka, ki tambaye shi me ya ƙera a makon. Ku ba shi wata guda, a auna nauyinsa a farko da ƙarshe. In har lokacin yana ci gaba da ramewa, ki dawo da shi gida, a nemo masa inda zai ƙarasa koyon waldar kusa da ku.