Tambaya da Amsa: Motar Gado da Ta Shekara 12 a Ajiye

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar ƙaramar mota Volkswagen Beetle ƙirar 1978, kuma da aka raba gado ta faɗo a kasona. Shekara 12 ke nan tana ajiye ƙarƙashin bishiyar mangwaro a gidanmu da ke Unguwar Sarki, nan Kaduna. Ina so in farfaɗo da ita da hannuna a garejin gida a ranakun Asabar da Lahadi. Wasu abokaina sun ce in sa batir, in zuba fetur, a tura ta mu ji ko za ta tashi, wasu kuma sun ce in fara da fenti. Malam, daga ina ya kamata in fara?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari. Mai yiwuwa a Legas aka harhaɗa motar nan, domin kamfanin Volkswagen ya fara aiki a can a 1975, shekarar da aka soma harhaɗa Peugeot a Kakuri.

Shawarar abokanka, ta farko da ta biyu, ka jingine su tukuna. Injin da ya yi shekara 12 bai juya ba, baƙin man da ke cikinsa ya tsiyaye ƙasa ya bar ƙarafuna a bushe, kuma fetur ɗin da ya kwana a tanki ya zama danƙo, saboda haka tura motar don a ji kukanta na iya lalata a cikin minti ɗaya abin da ajiyar duk ba ta lalata ba.

Ka fara da duba ƙasan motar, domin shi ne zai gaya maka ko aikin ya cancanci kuɗinka. Ka ɗaga kujerar baya, inda batir yake zama, ka cire shimfiɗun ƙasa, ka bi farantin ƙarfen ƙasan motar da bakin sukundireba kana dannawa. Ruwan batir da daminar Kaduna sun saba cinye wannan wuri. Idan ƙananan huji ne, mai walda zai toshe su. Idan kuwa tsatsa ta ci dogayen sassan da ke ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda jikin motar ya dogara a kansu, to aikin ya wuce na ƙarshen mako, sai ka nemi gwani.

Idan ƙasan ya yi kyau, sai inji. Ka cire filogi huɗun, ka ɗiga ɗan mai a kowane rami, ka bari ya kwana biyu, sannan ka gwada juya injin da sufana a hankali. In ya juya, ka zubar da tsohon baƙin mai, ka wanke ragar da ke ƙasan injin, domin wannan mota ba ta da matatar mai irin ta motocin yanzu, sannan ka zuba sabon baƙin mai lita 2.5. Ka daidaita tazarar bawul a kan milimita 0.15 alhali injin yana da sanyi, tazarar kwantak kuma, wato ƙarafunan da ke buɗewa da rufewa don ba filogi wuta, a kan milimita 0.4. Wayoyin filogi suna bin tsarin 1-4-3-2, wato jerin yadda filogi huɗun ke samun wuta, kuma ina ba ka shawarar ka ɗauki hotonsu da wayarka kafin ka zare ko ɗaya.

A nan ne nake so ka fi natsuwa. Injin Beetle ba shi da lagireto, iska ce kaɗai take sanyaya shi, ta hanyar fanka da ke cikin wani gidan kwano a saman injin. Motar da ta daɗe a ƙarƙashin bishiya, da wuya a rasa sheƙar ɓera da busasshen ganye a cikin wannan gida, kuma suna toshe hanyar iska ba tare da mutum ya gani ba. Ka kwance shi ka share. Duk wani faifan kwano da ke kewaye da injin, da robar da ta zagaye shi, ka mayar da su yadda ka same su. Na sha ganin makanikai suna yar da su wai don inji ya sha iska, alhali su ne suke hana iska mai zafi komawa cikin fanka, kuma a zafin watan Afrilu wannan ganganci yana ƙona inji. Haka nan bel ɗaya ne yake juya dinamo da fanka, don haka duk ranar da jar fitilar caji ta kama kana tafiya, ka tsaya nan take ka duba shi.

Tankin fetur yana gaba, sai ka sauke shi ka wanke. Tiyon fetur kuwa, musamman wanda ya shiga kafireto, kada ka yi jayayya da shi, ka sauya shi gaba ɗaya ka ɗaure da maɗauri, domin tsagewarsa a kan inji mai zafi ita ce sanadin gobarar da aka san waɗannan motoci da ita. Ka ajiye tukunyar kashe gobara a garejin kafin ranar da za ka fara tayar da ita. Birki ma sabon mai da sababbin robobi yake bukata, tayoyin kuma sun tsufa ko da zanensu bai goge ba. Kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kawai.

Kayan gyara ba su yanke ba, tunda sai a 2003 aka daina ƙera motar a Meziko. Idan za ka kasuwar Panteka nema, ka riƙe tsohon kayan a hannunka a gwada, kada ka dogara da suna.

Fenti shi ne na ƙarshe, bayan motar ta yi tafiyar wasu makonni ba matsala, kuma ka zaɓi lokacin da damina ta wuce amma ƙurar hunturu ba ta sauko ba.