Haƙorin kabait mai kwarmi: amsoshin masu injin tanin na wannan makon

Tambayoyin sun taru a kan abu ɗaya, wato ɗan haƙorin nan zagayayye mai kwarmi a tsakiya da ake ɗaurawa a bakin ƙarfe a sassaƙa katako yana juyawa a inji, aikin da ake kira tanin. Toh bismillah.

Wani daga Azare yace wai kabait ɗin nan shi ne na masu walda da ake nuka ayaba da shi? Haba malam. Wancan ka zuba mai ruwa ya tashi gas, wannan kuma garin wani ƙarfe ne, tungsten, mai haɗe da sinadarin kabon, aka gauraya da ƙarfen kobal aka gasa, ya fi ƙarfen cizil ɗinka tauri nesa ba kusa ba. Mu wuce.

Wani kafinta daga Yelwa yace aikinsa ƙafar kujera da ƙafar gado da sandar labule, ya sayi mai kwarmi ko shimfiɗaɗɗe, wato haƙorin da samansa ba kwarmi? Ɗan uwa ni kam da ni ne ko ɗaya ba zan saya ba yanzu. Jikin katakon ta waje kake sassaƙawa, cizil mai kyau da ka iya wasawa ya ishe ka. Shimfiɗaɗɗen kankara yake yi, yana barin gashi-gashi a jikin malaina sai ka ƙarar da samfefa. Mai kwarmin shi yanka yake da gaske, yana fidda laushi, amma inda yake cin kuɗinsa shi ne raraƙe ciki, akushi, ɗan turmin daka yaji, kwalin turare, musamman itace mai taurin kai irin kirya da marke. In ba ka wannan aikin ka bar kuɗinka a aljihu, man janareto na jiranka.

Sai wani daga Gombe, yace ya gani a Facebook ana saida guda goma a kwali kuɗin bai kai na guda ɗaya a wani wajen ba, ya tura kuɗi? To nan fa zan tsaya, don abin nan ya daɗe yana ci min rai. Ku mutanenmu in kun ji arha sai hankali ya tafi, bayan kun san arha bata ado. Yawancin irin waɗannan ba na katako bane sam, haƙoran injin yankan ƙarfe ne, za ka gansu ruwan gwal suna ƙyalli, an dakusar da bakinsu da gangan don kar su fashe a jikin ƙarfe, kai kuma ka kawo su kan maɗaci su dinga yagar maka aiki suna ƙona shi kana zagin inji. Cikin na masu ƙarfe wanda yake kusa da namu shi ne na yankan alminiyam, fari tas kamar madubi, bakinsa da kaifi, a kwalinsa ana rubuta RCGT, in kuwa RCMT ka gani ka ajiye. Wasu kuma ko kabait ɗin ma babu, ƙarfe ne kawai aka goge. Ka riƙe a hannu, kabait na gaske nauyinsa ya kusa ninka na ƙarfe, maganaɗisu yana ɗan jansa ne kaɗan ba ya cafke shi, magagari kuma zamewa yake a kansa ba ya ci. Duk wannan gwajin yaya za ka yi shi a hoto? Ga kuma girma, akwai mai milimita 6, akwai 8, akwai 10 da 12, kuma ramin sukurun ba ɗaya bane, kaje ka tura kuɗi a sako maka a mota daga Legas ya iso ya ƙi zama a ƙarfenka, mai shi ya kashe waya. Ka sayi guda ɗaya tak wajen wanda yake da shago za ka iya komawa, ka tafi da ƙarfenka a ɗaura a gabanka. Kuma dan Allah ku daina sayen katakon da aka ciro daga tsohon rufi kuna ɗora wa haƙorin, taurinsa irin na tangaran ne, ƙusa ɗaya ta ɓantare shi shikenan.

Mai tambayar ko zai kai wa masu garanda su wasa mai: a'a. Shimfiɗaɗɗen ana iya kifa shi a kan dutsen wasa mai daimon, mai kwarmi kam in ka goge saman ka cinye bakin gaba ɗaya, ƙurar kuma illa ce ga huhu. Kwance sukurun, share wajen zaman, juya shi kaɗan zuwa sabon baki, sa alama da maka don ka san inda ka tsaya. Ya zagayo, sai sabo.

Na ƙarshe yaro ne mai koyo a wajen 'yan katako na kasuwar Muda Lawal a Bauchi, yace haƙorin ya cafki akushi ya fizge ƙarfen daga hannunsa, ogansa yayi mai faɗa, yanzu hannunsa rawa yake in ya kunna inji. Ƙanena kwantar da hankalinka, Allah ya tsare gaba, babu mai tanin ɗin da ba a taɓa fizga ba har ogan naka. Ka shigar da shi a kwance ne kwarmin na kallon sama, shi yasa ya nutse. Karkata shi wajen digiri 45 zuwa gefen da kake yanka, ka matso da majinginar ƙarfen kusa da aikin, a cikin akushi kar bakin ya sauka ƙasa da tsakiya, kuma ɗan gefen baki kawai zai taɓa, ci kaɗan-kaɗan. Ka samu guntun malaina ka gwada a ƙaramin gudu bayan an tashi aiki, da izinin oga, da tabarau a idonka, hannun riga a naɗe. In ka ga yana fidda siririn ɓawo mai lanƙwasa maimakon gari, to hannun ya zauna.