Tambayi Injiniya: Famfon ƙullun takarda ya ishe mu da toshewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni ne mai kula da inji a wata 'yar masana'anta a Kano, muna yin kiret ɗin ƙwai da tsofaffin kwalaye da jaridu. Kusan kullum sai famfon da ke jan ƙullun takarda ya toshe ko bututu ya cushe, mu kwance mu zazzage, rabin yini ya tafi. Maigida ya ce famfon ne ya yi ƙanƙanta, yana shirin sayen babba. Hakan zai yi magani?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ce wa maigidanka ya mayar da kuɗinsa aljihu tukuna. A shekarun da na yi ina wannan aiki, na sha kwance famfon da aka ɗora wa laifi, abin da nake tararwa a ciki kuwa bai wuce leda da salatif da igiyar ɗaurin kwali sun naɗe farfela ba. Famfo bai haifi leda ba. Ta ƙofar masana'anta ta shigo, a kan idon kowa.

Masana'antun takarda da gwamnati ta gina a Oku Iboku da Iwopin an tsara su ne don yin ƙullu daga itace irin su melaina. Kai kuwa kayan aikinka daga hannun 'yan jari-bola yake zuwa, da duk abin da ya kwaso a hanya: ledar fiya wata, ƙusar kwali, waya, tsakuwa, da yashin da wasu ke zubawa don sikeli ya yi nauyi. Don haka ka ajiye mutum biyu a bakin tukunyar markaɗe, ba su da wani aiki sai tsince. A ɓare salatif daga kwali kafin ya ga ruwa. A ware kwalin madara da na lemo masu leda a ciki, da takarda mai maiƙon kakin zuma, da wadda aka yi ta don ta jure ruwa, domin waɗannan ba sa narkewa, yagewa kawai suke yi su zama tsummoki su toshe ramukan rariyar da ke gindin tukunya. Ladan mutum biyun nan bai kai asarar rabin yini ba.

Abin da ya kuɓuce wa masu tsince, manyan masana'antu suna da dabarar kama shi. Sukan saka igiya mai haɗe da waya a cikin tukunyar, juyin ruwa ya riƙa naɗa mata leda da tsumma, ana janye ta a hankali ana datsewa. Sannan ƙullun yakan bi ta wani mazurari mai juya shi kamar guguwa, ƙusa da tsakuwa su faɗa ƙasa cikin wani ɗan akwati mai bawul biyu, wato abin buɗewa da rufe hanyar ruwa. Idan kuna da shi, a riƙa zubar da akwatin a kan lokaci, don in ya cika amfaninsa ya ƙare. Idan ba ku da shi, ko ɗan rami aka yi a gindin tanki, aka ɗaga bakin bututun famfo sama da daɓe, yashi zai sami wurin kwanciya.

Sai kauri, wanda a nan ne nake zargin rabin matsalarka take. Ma'aikata suna son su cika tukunya da kwali don a gama da wuri, sai ƙullu ya fito kamar tuwo. Ka daina aunawa da ido. Ɗebi lita ɗaya, ka tace a ƙyalle, ka busar da shi ƙayau, ka ɗora a ƙaramin sikeli. In ya ba ka giram 40, kaurinsa kashi 4 cikin 100 ke nan, kuma irin tukunyarku tsakanin 4 da 5 take so. Da zarar ya haura 6, famfo mai farfela ya fara wahala. Wanda zai je mazubin kiret kuwa ana tsinka shi ya dawo kusan kashi 1, ya zama kamar koko. Ka sa bututun ruwa a daidai bakin da famfo ke zuƙa, yadda in ka ji ƙarar injin ta sauya za ka buɗe ka sassauta.

Yanzu bari in tambaye ka: idan an ɗauke wuta, me kuke yi? Na san amsar, kowa yakan nemi inuwa ya zauna jiran janareta. Ƙullun da ya tsaya a bututu ba ya jiran kowa. Ruwan yakan tsiyaye, zaren takardar ya haɗe jikinsa, ya toshe bututun. Wata rana a inda na yi aiki wuta ta ɗauke ana dab da tashi, muka ce gobe ma rana ce. Da safe bututu mai inci 4 ya cushe tun daga famfo har gwiwa ta biyu, wato inda bututun ya lanƙwashe, kamar tuwon da ya kwana a tukunya. Sai da muka kwance shi gaɓa-gaɓa muna zungura da rodi har azahar. Tun daga ranar na sa aka ɗora tankin ruwa a sama, wanda ruwansa ke gangarowa da kansa ba sai da wuta ba. Ana ɗaukewa, a rufe bawul ɗin ƙullu, a buɗe na ruwa, a kore abin da ke cikin layi. Haka ma za a yi in za a tashi aiki. Da safe kuma ruwa ake fara turawa, sannan ƙullu ya biyo.

Ka bi bututunka da ido. Wanda ke kai wa famfo ya zama gajere kuma mai faɗi, kada ya yi gwiwoyi barkatai. Duk wani reshen bututu da aka toshe ƙarshensa aka manta, a cire shi, don a nan ƙullu ke ruɓewa ya ɓalle ya shiga layi.

Wuri ɗaya ne zan goyi bayan maigida. Ka buɗe famfon ka dubi farfelar. In rufaffiya ce irin ta famfon ban-ruwa, to ba ta dace da wannan aiki ba, ko an sayo babbarta haka za ta riƙa shaƙewa. Ta ƙullun takarda buɗaɗɗiya ce, mai fikafikai kaɗan da hanya mai faɗi. Wannan zai nema, ba girma ba.

Kafin ka zura hannu a famfo ko tukunya, ka kashe babban makunni, ka sa masa kwaɗo, makullin a aljihunka. A ƙasar da wuta ke dawowa ba sallama, wannan ba abin wasa ba ne.

TAMBAYA: Baba Injiniya, ragar mazubinmu tana liƙewa da wani baƙin abu mai danƙo, ga ruwan yana wari. Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Abu biyu ne suka haɗu maka, Malam. Danƙon gam ne na salatif da lambobin da ake mannawa a kwali, sai a tsince tun daga farko, a riƙa wanke ragar da ruwa mai ƙarfi a ƙarshen kowane aiki kafin ta bushe. Warin kuma na ƙwayoyin cuta ne da ke cin sitacin kwali a ruwan da kuke maimaitawa, kuma da zafin bazara sun fi yaɗuwa, su yi yauƙi su toshe raga. Kada ƙullu ya kwana biyu a tanki ba a juya shi, kuma a riƙa zubar da tsohon ruwa ana wanke tankin. In ka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, kada kowa ya shiga tankin nan. Iskar tana kisa, kuma in ta yi yawa hanci ma yakan daina jin ta. A buɗe, a hura iska da fanka sosai, sannan in dole sai an shiga, mai shiga ya kasance da igiya a ƙugu da mutum tsaye a baki.