Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya a kan sake baftisma

Salama 'yar'uwa. Tun jiya na ga tambayarki, cewa yayyafi aka yi miki kina jaririya, yanzu kuma cocin da kika koma sun ce sai an nitsar da ke a ruwa kafin ki ci jibin Ubangiji tare da su, kin rasa ta cewa. Da na so in yi shiru don amsoshi sun yi yawa, amma na ga kowa aya ɗaya yake jefowa ya wuce, ni kuwa abin nan a kaina ya faru, to ki yi haƙuri zan ɗan ja.

Ni ma yayyafi aka yi min ina goye. Ina shekara 24 na koma wata ikilisiya, na shiga ajin baftisma, aka nitsar da ni, kuma ba zan ɓoye miki ba ranar na ji daɗi sosai, don karo na farko kenan da na buɗe baki da kaina a gaban jama'a na ce Yesu nake bi. Inda na yi wauta shi ne da na dawo gida na ce wa mahaifiyata ai wancan da suka kai ni aka yi min wanka ne kawai. Ba ta ce uffan ba, tashi ta yi ta shiga ɗaki. Matar da ta tsaya gaban Allah ta ɗauki alkawarin reno na cikin bangaskiya kuma ta cika, ita na faɗa wa haka, har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Sai daga baya da na zauna da Littafi Mai Tsarki ba don neman abin kayar da wani ba, na ga maganar ba a yanke take kamar yadda aka koya mana a aji ba. Masu cewa sai babba suna da hujja mai ƙarfi, ki duba Ayyukan Manzanni 2:38, tuba ce a gaba sannan baftisma, kuma babu wurin da aka ce ƙarara ga jariri an yi masa. Romawa 6:4 ma ta ce an binne mu tare da shi, binnewa kuwa ta fi kama da nitsarwa. Amma ɗaya ɓangaren su ma ba daga ka suke magana ba. A Ayyukan Manzanni sura 16 an yi wa Lidiya baftisma da mutanen gidanta, haka mai tsaron kurkukun Filibi da dukan nasa, a 1 Korintiyawa 1:16 kuma Bulus ya ce ya yi wa gidan Istifanas. Akwai jarirai a gidajen nan? Nassi bai ce akwai ba, bai ce babu ba, kowa abin da ya zo da shi yake gani a ciki. Sannan Kolosiyawa 2 ta haɗa baftisma da kaciya, kaciya kuwa ɗan kwana 8 ake yi wa, ba a jira ya ba da gaskiya.

Har ayar mutumin Habashan da Filibus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 8, da muke yawan kafa hujja da ita, cewa sun gangara cikin ruwa, ai su biyu suka gangara har da Filibus, kin ga in gangarawa ce nitsewa to shi ma mai yin baftismar ya nitse kenan.

Tarihi ma ya ɗan sanyaya min jiki. Akwai wani tsohon rubutun ikilisiyar farko da ake kira Didake, ya ce a yi a ruwa mai gudu, in babu a yi a wani ruwan, in shi ma bai samu ba a zuba a ka sau uku. Tartuliyan, wani malamin ikilisiyar farko, wajen shekara ta 200 yana ba da shawara a jinkirta wa yara, wanda ke nuna tun lokacin ana yi musu, kuma tun lokacin ana gardama. 'Yan Otodoks su jaririn ma nitsar da shi suke har sau uku, to su a wane layi za a sa su? Luther da Calvin duk ba su bar baftismar jarirai ba. Wanda ya fi taɓa ni shi ne labarin Felix Manz, cikin waɗanda suka fara sake baftisma a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1525, a 1527 hukumar garin, 'yan Furotesta irinsa, suka jefa shi a kogi ya mutu saboda wannan magana. Da ruwan da ake gardama a kai aka kashe shi.

Ra'ayina dai, kuma nawa ne ba na ce dole ki ɗauka ba, har yanzu na fi karkata ga a bar mutum ya girma ya furta da bakinsa, yarana ma haka na yi musu. Amma na daina cewa na farkon ba komai ba ne. Mutanen Afisa da aka sake wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 19, ta Yohanna suka yi da farko, ko labarin Ruhu Mai Tsarki ba su ji ba, ba irin naki ba ne da aka yi cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kuma duk wanda ya ce miki cetonki a rataye yake sai kin shiga ruwa, ki tambaye shi ɓarawon nan na kan gicciye a wane kogi aka yi masa.

In kin karanta kin yi addu'a zuciyarki ta ce ki yi, ki yi da murna. In kuma don kawai a sa sunanki a rajista ne, ki samu faston ku zauna, ki tambaye shi kai tsaye, shin a wurinsu ke ba mai bi ba ce yanzu, ko kuwa ƙa'idar cocinsu ce kawai? Amsarsa za ta nuna miki inda kika shiga. In kuma iyayenki na raye, dan Allah ki fara zuwa wurinsu kafin ranar, ki gode musu, kada su ji a bakin wani.