Tambaya da Amsa: Wane ƙaramin injin tsaga katako zan saya wa shagona?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni kafinta ne ina da ɗan shago a Kurna, ni da yarana biyu, yawanci aikinmu wadirof ne da kabinet na kicin sai gadaje jefi-jefi. Duk yankan da za mu yi sai mun ɗauki filawud ko MDF, wato fallen nan na garin katako da aka matse, mun kai wajen masu inji, ga kuɗin adaidaita ga bin layi, wani sa'in ma a yanko maka ba daidai ba. Shi ne na ɗan tara wani abu nake so in sayi injin zarto mai tebur, irin ƙaramin nan da ake ɗauka a tafi da shi sait. Na ga sabo a kwali an rubuta wat 2,000, na kuma ga wani tokumbo DeWalt da aka ce daga Amurka ya zo. Dan Allah wanne zan ɗauka?
Kafinta daga Kurna, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kafin komai ka cire idonka daga wat ɗin nan da aka rubuta a kwali, kusan duk injinan wannan ajin tsakanin wat 1,500 ne zuwa 2,100, ba nan bambancinsu yake ba.

Mu fara da na Amurkan tunda na ji kamar can zuciyarka ta karkata. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, in ka jona shi kai tsaye a soket ɗin shagonka ko minti ɗaya ba zai yi ba koyil zai ƙone, sai ka saya masa taransifoma mai rage wuta wacce ta kai wat 3,000, ita kuma nauyi gare ta kamar dutsen niƙa, to ina amfanin injin tafi-da-gidanka da sai an yi dakon wannan duk inda za a je? Ka juya injin ka karanta ɗan farantin da ke jikinsa da kanka, kar ka tsaya ga bakin mai sayarwa. In ka ga 220 ko 230 ko 240 to na Turai ne ko Ingila ko Dubai, wannan ba matsala, amma ka kula a Ingila ma akwai na sait masu bolt 110 da filogi ruwan ɗorawa. Akwai kuma maganar ramin faifai, wato zarton nan mai zagaye da ke yankan: na Amurka ramin tsakiyarsa kusan milimita 16 ne, na Turai 30, saboda haka ka fara zagayawa Sabon Gari wajen France Road ko Ƙofar Ruwa ka ga wane faifan ne ya fi samuwa, kar ka sayi injin da duk sanda haƙoransa suka dakushe sai an yi maka oda.

To abin da ya fi komai a wurina shi ne fens, wato ƙarfen gefen nan da katako ke jingina da shi yana tafiya. Injin da fens ɗinsa ke rawa ko kyauta aka ba ka wahala ce, domin za ka auna santimita 60 a gaba ka tarar bayan ya goce da milimita 2 ko 3, kai kuma aikin kabinet kake, ka san yadda ƙofa ke tona asiri in aka zo haɗawa. Ka je da tef ɗinka da sukwaya. Ka kulle fens ɗin ka tura ƙarshensa da hannu, in ya motsa ka yi gaba abinka. Ka auna daga faifan zuwa fens a gaba da baya, dole su zo ɗaya. Ka ɗora sukwaya ka ga faifan ya tsaya cak a digiri 90, ka kwantar da shi zuwa 45 ka dawo da shi ka sake dubawa. A nan DeWalt suka yi suna gaskiya, fens ɗinsu kan haƙora yake tafiya gaba da baya a tare shi ya sa bai cika gocewa ba. Bosch da Makita ma suna da masu kyau, su Ingco da Total sun fi sauƙin kuɗi kuma ana samunsu a gari, amma su ne za ka fi tsananta wa bincike a wajen fens.

Sai faɗin yanka. Fallen filawud ƙafa 4 ne da ƙafa 8, in kana so ka raba shi biyu a tsaye dole fens ya iya buɗewa inci 24, kusan santimita 61. Ƙasa da haka kar ka saya. Kuma teburin waɗannan injinan ƙarami ne, fallen MDF guda ba zai zauna a kai ba sai ka ƙera masa benci a baya da gefe daidai tsayinsa, wannan kam ba sai na koya wa kafinta ba.

Faifai mai inci 10 yana cin kaurin da ya kai inci 3, mai inci 8 da kwata kuma wajen inci 2 da rabi, ga aikinka kowanne ya isa. Wanda ke zuwa da injin yawanci mai haƙora 24 ne, na tsaga katako ne a tsaye, in ka sa wa MDF mai rufi zai tsattsage maka baki, ka ware kuɗin mai haƙora 60 zuwa 80 tun yanzu.

Amma fa ka sani ba irin manyan injinan 'yan katako na Na'ibawa ba ne. Motar da ke juya faifansa mai kabon ce, wato ɗan gawayin nan da ke kai mata wuta yana cinyewa, ga ƙara ga saurin zafi, in ka ce da shi za ka wuni kana tsaga ɗanyen falankin maɗaci sai dai ka zama kwastoman mai naɗin koyil. Manyan katakai a tsaga maka a 'yan katako, shi kuma ya yi maka na ƙarshe. Ka tambayi kabon ɗinsa ana samu, ka sayi biyu ka ajiye. Janareto kuma ƙaramin nan na kunna fanka da talabijin ba zai ko tayar da shi ba, lokacin tashi yana jan wuta fiye da abin da aka rubuta, ka nemi mai kVA 3.5 zuwa sama da waya mai kauri, mai lamba 2.5mm, ba siririyar ekstenshan ba.

Akwai abu biyu da in babu su ni ban yarda ka biya ba, musamman tokumbo da sau da yawa an cire an yar. Na farko ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke tsaye a bayan faifai, shi ke hana katako matse faifan ya harbo maka shi a ciki. Na biyu makunnin da in an ɗauke wuta yake kashe kansa, ba zai tashi ba sai an sake dannawa. Ka san halin wutarmu, a ɗauke yaro ya sa hannu yana share ƙura a dawo da ita ba sallama. Gwajinsa ba wuya: ka kunna, ka zare filogi, ka mayar, in ya tashi da kansa a canza masa makunni kafin ya shiga shagonka. Yaran kuma a hana su safar hannu da riga mai faɗin hannu a gaban injin, a yanka musu sandar turawa, a sa takunkumi saboda ƙurar MDF.

In na Amurkan 120 ne ka bar shi, sai dai in a shago zai zauna dindindin kuma kuɗin taransifoma ya shiga lissafi. In 230 ne kuma fens ɗinsa lafiya, faifan ba ya kaɗawa, ba ka ji ƙaurin ƙuna ba da aka kunna, to shi zan ɗauka a kan sabon. Ka tafi da guntun MDF ɗinka a yanka a gabanka kafin ka tura kuɗi.