Python ta mayar min da 500 sau 2 zuwa 500500

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta wa shagon yayana 'yar manhajar lissafi da Python. Na sa `farashi: int` kamar yadda aka koya mana, amma da aka sayi kaya biyu na naira 500 sai ta fitar da 500500. Har Yaya ya fara cewa a koma ga littafi da biro. Ko Python ɗin ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau. Duk abin da `input()`, wato umarnin karɓar abin da mutum ya buga, ta karɓa rubutu ne, ko da lamba aka buga, shi kuwa rubutu in aka ninka shi da 2 maimaita shi ake yi. Sa `int(input())`, wanda zai mayar da rubutun lamba, magana ta ƙare.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan "kamar yadda aka koya mana". Kusan kullum sai na haɗu da ɗalibin da aka gaya wa cewa rubuta `int` (wato nau'in cikakkiyar lamba) a gaban suna yana tsare shi. Ba ya tsare komai. Tun da Guido van Rossum ya fitar da Python a 1991, nau'i a jikin abin da aka ajiye yake, suna kuwa laƙabi ne kawai. Ka rubuta "gero" a jikin buhu, wannan bai hana wani ya zuba dawa ba. Alamomin nau'i sun shigo a 2015 tare da Python 3.5, irin wadda ka rubuta kuma a 3.6, kuma da gangan aka tsara cewa Python ba za ta bincika su ba lokacin da manhaja ke aiki. An yi su ne domin mai karanta aikinka da kayan bincike irin su mypy.

Kai ma ka yi sa'a, kuskurenka ya fito fili. Da `"500" + 2` ne, nan take za ta tsaya da TypeError, wato saƙon kuskuren nau'i. Amma gwada `"9" > "10"`: True za ta ba ka, don harafi-harafi take kwatantawa, ba ko tari. Manhaja sai ta yi wata shida tana jera farashi a karkace ba wanda ya sani.

Masu tallar "ƙware a Python cikin mako guda" su ji tsoron Allah. Kuna karɓar kuɗin yara, kuna koya musu haddar layuka ba tare da dalilinsu ba, su kuma su je su taɓa dukiyar mutane da wannan.

Ɗan'uwa, kafin ka mayar wa Yaya manhajar, bi ta kanta da mypy. In kuma akwai kwabo a lissafin, yi amfani da `Decimal`, nau'in da ke riƙe kwabo daidai, don a `float`, nau'in lamba mai ɗigo na yau da kullum, 0.1 da 0.2 ba sa ba da 0.3 cif.